Tsakanin Arthur Lewis da Peter Bauer: Wa Ya Fi Fahimtar Gonar Ghana da Kasuwarta?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in sa baki cikin muhawarar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun zango, tun daga Aboabo da Asawase a nan Kumasi har zuwa Nima da Sabon Zango a Accra, wato shin gwamnati ce ya kamata ta riƙe ragamar tattalin arziki, ta gina masana'antu, ta ƙayyade farashi, ko kuwa ta janye hannunta ta bar kasuwa ta yi halinta. Tun da ƙasarmu ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a watan Disamba na 2022, watan da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, sannan ta karɓi rancen dala biliyan 3 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya a watan Mayu na 2023, kusan kowa ya zama masanin tattalin arziki, kuma ban ga laifin kowa ba, domin wanda aljihunsa ya ji jiki yana da ikon magana. Abin da nake so in tunatar da masu karatu shi ne wannan gardama ta girme mu, kuma biyu daga cikin manyan masanan ƙarni na ashirin a kan ƙasar nan tamu suka yi ta, bayan kowannensu ya zo ya gane wa idonsa.

Na farko shi ne Arthur Lewis, baƙar fata ɗan tsibirin Sen Lusiya da ke yankin Karibiyan, wanda ya yi karatu kuma ya koyar a Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, ya zama farfesa a Jami'ar Mancesta a 1948, sannan ya sami lambar Nobel a 1979. Na biyu shi ne Peter Bauer, haifaffen birnin Budafes na ƙasar Hangari, wanda ya tafi Kembirij karatu ya zauna a Ingila har ƙarshen rayuwarsa, ya koyar a waccan makaranta ta Landan, kuma a zamanin Margaret Thatcher aka ba shi kujera a majalisar dattawan ƙasar. Dukansu biyu a 1915 aka haife su, kuma rubuce-rubucen da suka fito da sunan kowannensu a shekara ɗaya suka fito, wato 1954. An saba cewa Lewis shi ne uban masana'antun gwamnati, Bauer kuwa uban a bar kasuwa ta yi yadda ta so. A ganina wannan rabo ya zalunci Lewis, ya kuma taƙaita Bauer, kuma Ghana ba ta taɓa bin shawarar ko ɗaya daga cikinsu yadda ya ba da ita ba.

Ra'ayin da ya ɗaukaka Lewis shi ne cewa tattalin arzikin ƙasa matalauciya mai cunkoson jama'a ya kasu kashi biyu. Akwai ɓangaren gargajiya, inda mutane suka yi wa aiki yawa, har ta kai ko an janye wasu daga gona amfanin ba zai ragu ba, akwai kuma ƙaramin ɓangaren zamani na masana'antu da ma'adinai da manyan gonaki, inda ake juya jari don neman riba. Muddin akwai rarar mutane a karkara, mai masana'anta zai ɗebi ma'aikata iya buƙatarsa ba tare da lada ya tashi ba, tunda abin da zai biya bai wuce ya ɗara abin da mutum ke samu a gona da kaɗan ba. Ta haka ribarsa za ta yi ta kumbura, in kuma ya mayar da ita cikin sana'ar sai masana'antar ta faɗaɗa ta ƙara kwasar mutane, har zuwa ranar da rarar za ta ƙare, a sa'an nan ne lada zai fara hawa, talaka ya ga canji. Shi ya sa ya ce babbar tambayar da ke gaban masu nazarin raya ƙasa ita ce yadda al'ummar da ke tanadin kashi 4 ko 5 cikin ɗari na abin da take samu za ta koma tana tanadin kashi 12 zuwa 15, ko ma fiye.

Sai dai abin da masu ambaton sunansa suka fi mantawa shi ne, shi da kansa ya faɗa cewa wannan siffa ta dace da ƙasashe irin su Masar da Indiya da Jamaika ne, kuma akwai sassan Afirka da ƙarancin ma'aikata ne matsalarsu, ba yawansu ba. Gold Coast ta wancan zamani, wato Ghana kafin samun 'yanci, tana cikinsu, kuma mu mutanen zango mun fi kowa sanin haka, domin ƙarancin hannu a gonakin koko da ramukan zinariya na daga cikin abin da ya gangaro da Mosawa da Zabarmawa da Hausawa da mutanen arewacin ƙasar nan zuwa ƙasar Asante, inda da yawansu suka riƙa kula da gonar wani a kan su ɗauki kashi ɗaya cikin uku na amfanin. Saboda haka, lokacin da gwamnatin Kwame Nkrumah ta gayyaci Lewis ya duba yadda za a kafa masana'antu, rahoton da ya miƙa a 1953 bai yi wa masu ɗokin ganin hayaƙin injuna daɗi ba. Ya ce abu na farko da ya kamata a sa gaba shi ne a gyara yadda ake noman abinci, na biyu kuma a inganta ayyukan da jama'a ke buƙata, irin su ruwa da wuta da hanyoyi. Masana'antun da ya ga za su iya tsayawa da ƙafarsu a lokacin ba su da yawa, kuma ya ba da shawarar a jawo masu jari na waje su zuba kuɗinsu su horar da 'yan ƙasa, maimakon gwamnati ta kwashi dukiyar jama'a ta shiga sana'ar da ba ta iya ba. Hujjarsa mai sauƙi ce: manomin da bai samar da rarar abinci ba, ba zai iya ciyar da ma'aikacin masana'anta ba, ba kuma zai sami kuɗin sayen abin da masana'antar ta ƙera ba.

Bauer kuwa ta ƙofar kasuwa ya shigo. Kafin ya zo Afirka ta Yamma ya yi nazarin noman roba a Malaya, inda ya ga ƙananan manoma suna gogayya da manyan gonakin Turawa duk da dokokin da aka shimfiɗa don danne su. Da ya zo Najeriya da Gold Coast nazarin ciniki, abin da ya tarar ya ƙara masa yaƙini cewa talaka ba ya buƙatar wani ya koya masa neman riba. Misalin da ya fi so shi ne na koko. Itacen da ba a fitar da shi daga ƙasar nan a zo a gani ba sai ƙarshen ƙarni na sha tara, bayan Tetteh Quarshie ya dawo da iri daga tsibirin Fernando Po a 1879 ya shuka a Mampong ta Akuapem, shi ne ya sa Gold Coast ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko a 1911, kuma manoma 'yan ƙasa ne suka yi wannan aiki, waɗanda yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba. Mutumin da zai sayi daji, ya sare, ya dasa itacen da sai bayan shekaru zai fara ba shi amfani, ba za a ce bai san tanadi ba ko bai iya hangen nesa ba. Da wannan Bauer ya ƙaryata masu cewa talauci zobe ne da ba a fita daga cikinsa sai da taimakon waje, ya ce da haka ne, da babu ƙasar da ta taɓa yin arziki, tunda kowace ƙasa da talauci ta fara.

Inda mutanen biyu suka yi hannun riga a fili, kuma inda maganar ta fi shafarmu, shi ne batun ƙaramin ɗan kasuwa. Lokacin da Lewis ke lissafa inda rarar ma'aikata ta ɓuya, bai tsaya ga gona kaɗai ba, ya haɗa da 'yan dako da barorin gida da masu ƙananan tireda, har ya ce kasuwanni sun cika maƙil da rumfuna, kowa yana ɗan cinikin da bai taka kara ya karya ba, kuma da za a rage yawansu ƙwarai mai saye ba zai yi asarar komai ba. Bauer ya kalli waɗannan rumfuna ya ga wani abu dabam. Ya lura cewa ana sayar da sukari ƙwaya-ƙwaya, ashana tsinke-tsinke, taba kara ɗaya ko rabi, ya ce wannan ba ɓarnar lokaci ba ce, aiki ne da mai saye ke biya don yana buƙatarsa, domin wanda kuɗinsa na yini ɗaya ne ba zai iya sayen kwali ba, kuma ba shi da inda zai ajiye ko da ya saya. Da a ce dillalan da ke tsakani ba su da amfani, in ji shi, da tuni mai kaya da mai saye sun tsallake su sun haɗu kai tsaye.

A nan ina tare da Bauer ba tare da wata tantama ba. Duk wanda ya tsaya a bakin wani lungu na Aboabo da sassafe zai ga matar da ta ɗaure man gyaɗa a ƙananan ledoji, ta jera dunƙulen magi da ƙullin gishiri da barkono a faranti, tana sayar wa maƙwabciyarta daidai abin miyar yau, wani lokaci ma bashi har zuwa yamma, ba takarda ba shaida. Babu kantin zamani da zai yi wannan, babu kuma bankin da zai ba da rance a kan sanin asali da kunya. Haka nan tsarin mai gida da iyayenmu suka gada tun zamanin fataucin goro tsakanin Gwanja da Kano, inda baƙon da ya kawo shanu ko albasa zai sauka gidan wanda zai ba shi masauki, ya nema masa mai saye, ya tsaya masa lamuni in an ɗauki kaya bashi, ya karɓi la'adarsa bayan an gama, wannan tsari ya haɗa aikin masauki da na banki da na inshora a wuri ɗaya, tun kafin a san waɗannan sunaye a ƙasar nan. Ƙididdigar gwamnati ba ta ganin irin wannan aiki, shi ya sa ake ɗaukarsa zaman banza. Kuma raina ɗan kasuwa ba a takarda yake tsayawa ba. Umarnin korar baƙi na gwamnatin Busia a ƙarshen 1969, wanda ya yashe zanguna da yawa, da rusa kasuwar Makola ta Accra da sojoji suka yi a 1979 bisa zargin 'yan kasuwa da ɓoye kaya, duka suna da jiɓi da tunanin cewa mai saye ya sayar ci-ma-zaune ne. Ba na ɗora wa Lewis alhakin waɗannan, domin shi bai taɓa cewa a kori kowa ko a rusa rumfar kowa ba, amma da shugabanninmu sun karanta Bauer da idon basira da sun san cewa kulle bakin kasuwa ba ya ƙara ko gwangwani ɗaya na madara a ƙasa.

Babban faɗan Bauer kuwa da hukumomin cinikin amfanin gona ya yi shi. An kafa hukumar cinikin koko ta Gold Coast a 1947, aka ba ta ikon ita kaɗai ke sayen koko don fitarwa waje, da hujjar cewa za ta riƙe wani abu a shekarar da farashi ya yi kyau don ta cika wa manomi a shekarar da ya faɗi. Bauer ya ce wannan haraji ne aka sa wa manomi da sunan kare shi, kuma kuɗin da aka tara ba zai koma gare shi ba. Ya ƙara da gargaɗin da ya fi wannan nauyi, cewa in aka tara dukiyar ƙasa a hannun waɗanda ke riƙe da mulki, to siyasa za ta zama ko a mutu ko a yi rai, tunda wanda ya rasa kujera ya rasa komai. Ba a je ko'ina ba maganarsa ta tabbata, kuma a garin nan ta tabbata. A 1954, lokacin da farashin koko ya yi tashin da ba a taɓa gani ba a kasuwar duniya, gwamnati ta tsayar da abin da za a biya manomi a kan sule 72 kowane kaya mai nauyin laba 60, kuɗin da bai kai rabin abin da ake samu a waje ba. A watan Satumba na shekarar aka kafa ƙungiyar NLM mai adawa da gwamnatin Nkrumah a Kumasi ƙarƙashin jagorancin Baffour Osei Akoto, jam'iyyar Musulmi ta zanguna ta mara mata baya, garin ya yi shekaru cikin tarzoma, kuma bayan samun 'yanci a 1957 aka fitar da Alhaji Amadu Baba, jagoran zangon Kumasi, daga ƙasar. Kafin nan, a 1956, hukumar bincike ta Mai Shari'a Jibowu ta gano cewa kamfanin sayen koko da hukumar ta kafa ya zama hannun jam'iyya mai mulki wajen rabon rance. Farashin manomi ya sauka zuwa sule 60 a 1959, ya kai sule 40 a 1965.

Lewis bai ƙi gwamnati ta ɗebi wani kaso daga kuɗin koko ba. A wurinsa, ƙasar da ba ta da manyan 'yan jari na gida dole gwamnati ta yi tanadin a madadin jama'a, kuma koko ne kaɗai inda rarar take. Sharaɗinsa shi ne a zuba kuɗin inda zai haifi wani kuɗin. Wannan sharaɗi ne ya raba shi da Nkrumah. Ya zo Accra a matsayin mai ba shi shawara kan tattalin arziki a ƙarshen 1957, ya bar aikin a ƙarshen 1958, bayan sun saɓa kan shirin raya ƙasa na shekara biyar da ya ga an cika shi da ayyukan nuna isa waɗanda ba za su biya kuɗinsu ba. Amsar da Nkrumah ya ba shi sananniya ce, cewa shi ɗan siyasa ne, ba zai iya bin shawarar masanin tattalin arziki kullum ba, dole ya yi kasada a kan gobe. Daga baya, a 1965, Lewis ya rubuta littafi kan siyasar Afirka ta Yamma yana sukar mulkin jam'iyya ɗaya. Wanda ya san wannan tarihi ba zai jingina masa abin da ya biyo baya ba, irin shirin da aka yi na yanka shanu a arewa, a kai fatu majema a kudu, a dawo da su masana'antar takalma a Kumasi, sannan a sake lodin takalman zuwa Accra inda masu saye suke. Duk wani mahauci ko ɗan tirela na zango da aka tambaya da ya faɗi abin da kuɗin mota zai yi wa wannan lissafi.

Amma fa in za a yi adalci, kuskuren Lewis yana nan, kuma shi ne ya zaci za a iya ba ɗan siyasa mabuɗin rumbu a kuma sa ran zai auna da mudun masani. Bauer bai taɓa yin wannan zato ba. Koko da ya haura tan dubu 550 a kakar 1964 zuwa 1965 ya faɗo ƙasa da tan dubu 200 a kakar 1983 zuwa 1984, manoma suka daina dasa sabo, waɗanda ke kusa da iyaka suka koma fasa-ƙwauri zuwa Kodebuwa da Togo, hukumar kuwa ta tara ma'aikata dubun dubata. Fari da gobarar daji na 1983 sun ƙara dagula lamarin, amma ciwon ya riga su zuwa.

Daga 1983, lokacin da gwamnatin Rawlings da sakataren kuɗinta Kwesi Botchwey suka rungumi shirin farfaɗo da tattalin arziki, sai guguwar ta juya. Aka karya darajar sidi, wato kuɗin ƙasar, aka saki farashi, aka rage ma'aikatan hukumar koko, aka ƙara wa manomi kaso, kuma koko ya farfaɗo har ya kai tan miliyan ɗaya a kakar 2010 zuwa 2011. Wannan hujja ce ga Bauer, domin ta nuna manomi yana jin kiran farashi. Sai dai shi kansa ba zai kira wannan shiri nasa ba, tunda da rancen Bankin Duniya da na Asusun Ba da Lamuni aka yi shi, alhali shi ya ƙare rayuwarsa yana cewa tallafin da gwamnati ke ba gwamnati ƙarfafa masu mulki yake yi a kan waɗanda ake mulka, kuma inda yanayi ya gyaru jari zai zo da kansa, inda bai gyaru ba tallafi asara ne. Lewis bai yarda da haka ba, shi ya yi aiki a asusun raya ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kuma zama shugaban farko na Bankin Raya Yankin Karibiyan. Ƙasar da aka yafe wa bashi mai yawa a farkon shekarun 2000, ta sake kasa biya cikin shekara ashirin, ba ta da bakin musanta Bauer a wannan gaɓa.

To, ina Bauer ya gaza? Ya gaza a wurin da fatauci ya tsaya. Gaskiya ne manoma ne suka dasa koko, har wasu a Akuapem suka haɗa kuɗi suka gina hanyoyinsu, amma koko bai mamaye ƙasar Asante ba sai da jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, na Accra ya iso a 1923, aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928. Cutar kumburin reshen koko da ta ɓulla a shekarun 1930 ba ta san iyakar gonar wani ba, kuma babu manomi ɗaya da zai iya kafa cibiyar binciken koko irin ta garin Tafo. Bauer bai musanta cewa waɗannan ayyukan gwamnati ne ba, amma ƙarfinsa duka ya tafi ga faɗin abin da bai kamata ta yi ba, ya bar abin da ya kamata ta yi a dunƙule. Najeriya ta rusa hukumominta na cinikin amfanin gona a 1986, ingancin kokonta ya faɗi, Ghana kuwa ta riƙe tantance inganci a hannun hukuma, shi ya sa har yanzu ake biyan kokonta ƙari a kasuwar duniya. Haka kuma buɗe ƙofa ba tare da shiri ba ya cika kasuwanninmu da shinkafar waje da daskararrun kaji da gwanjo, masaƙun da suka taɓa ɗaukar dubban ma'aikata suka koma kufai ko kusa da haka.

A nan ne maganar Lewis ta 1953 take dawowa da ƙarfinta, tare da wani bayani da ya yi wanda a ganina ya fi duk abin da ya rubuta muhimmanci gare mu. Ya tambaya: me ya sa amfanin gonar ƙasashe masu zafi, irin su sukari da koko da roba, yake da araha, ko da an ƙware wajen nomansa? Amsarsa ita ce ladan mai noman kayan fitarwa ba daga darajar kayan ake yanke shi ba, daga abin da zai samu in ya koma noman abinci ne. Muddin mai noman masara ko dawa yana samun kaɗan, to za a sami wanda zai yi aikin gonar koko a kan kaɗan, kuma duk ƙwarewar da aka ƙara a noman koko mai shan cakulan a Turai ne zai ci ribarta ta hanyar sauƙin farashi. Ma'ana, hanyar ɗaga darajar koko ta bi ta gonar hatsi. Wannan bayani ya amsa abin da Bauer bai amsa ba, wato dalilin da ya sa ƙasar da ta yi fiye da shekara ɗari tana cikin manyan masu noman koko a duniya, da 'yan kasuwa masu hazaƙa irin waɗanda ya yaba, har yanzu jikokin manoman suke barin gona su shiga ramin galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Ƙasar Sin, wadda ake yawan kafa hujja da ita a kan ra'ayin Lewis saboda yadda masana'antunta suka kwashi miliyoyin mutanen karkara, ba da masana'anta ta fara gyaranta ba a ƙarshen shekarun 1970, da manomi ta fara: ta ba kowane gida gonar da zai kula da ita, ta ƙara farashin da take sayen hatsi. Matakin farko irin abin da Bauer zai yaba ne, jerin matakan kuwa na Lewis ne.

Kuma rarar ma'aikatan da Lewis ya ce babu ita a Gold Coast ta 1953, yau ta samu. Jama'ar da ba ta kai miliyan 7 ba a ƙidayar 1960 ta haura miliyan 30 a ta 2021. 'Yan matan kayayo, wato masu dako, da ke fitowa daga arewa su kwana a barandar shaguna a kasuwar Kejetia ta Kumasi, su yini da kwanon ƙarfe a ka suna bin masu cefane, su ne mutanen da ya siffanta, waɗanda suka bar gona amma ba su tarar da masana'antar da za ta ɗauke su ba. Bauer zai ce suna yin aikin da ake biya, kuma sun zaɓi abin da ya fi musu abin da suka baro, wannan gaskiya ne. Amma ban ga uban da zai gamsu da wannan amsa a kan 'yarsa ba. Tambayar da ta dace ita ce me ya sa abin da suka baro ya kasa riƙe su, alhali a kasuwar da suke dakon, albasar daga Nijar take zuwa, tumatirin rani kuma daga Burkina Faso, ƙasashen da ba su kai mu ruwan sama ba. Masana'antar tumatir ta Pwalugu da ta sukari ta Komenda, wadda aka sake ginawa aka buɗe a 2016, duka sun yi fama da ciwo ɗaya, an gina injin kafin a tabbatar da abin da zai ci.

Saboda haka, in aka ce in zaɓa, zan ce Bauer ya fi Lewis sanin halin mai mulki da darajar ɗan kasuwa, Lewis kuma ya fi Bauer sanin inda ciwon yake da abin da ya kamata a fara yi. A kan farashin koko, da lasisin shigo da kaya, da duk wani wuri da jami'i zai zauna a ofis ya yanke wa manomi ko ɗan kasuwa abin da zai samu, gargaɗin Bauer nake so a riƙa tunawa, musamman bayan abin da aka gani a 2024, lokacin da tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, manominmu kuwa bai ga ko rabinsa ba saboda an riga an sayar da amfanin tun yana bisa itace, fasa-ƙwauri ya sake tashi. A kan inda kuɗin gwamnati zai tafi kuwa, jerin Lewis nake so a bi: madatsun noman rani irin na Tono da Vea a gyara su su yi aiki shekara duka, hanyoyin da ke fito da doya da masara daga ƙauye su zama masu biyuwa da damina, ingantaccen iri da malaman gona su kai ga mai kadada biyu, sannan wutar lantarki ta tsaya wa maƙeran Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, waɗanda suka kafa sana'arsu ba da jarin gwamnati ba. 'Yan majalisar da ke wakiltar mazaɓun da zanguna suke, in sun zo neman ƙuri'a da alkawarin sabuwar masana'anta, ya kamata a tambaye su gonar da za ta ciyar da ita, da wanda zai yanke farashin abin da manomin zai kawo mata.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum,
Aboabo, Kumasi.